Mushe Ɗigo da Ruwan Gidan Kawu

Duk wanda ya taɓa miƙa wa Mushe Abdu, malamin makarantar boko, ruwa a garin nan ya san abin da zai biyo baya. Zai karɓa da hannu biyu, ya yi godiya kamar an ba shi doki, sannan ya ajiye moɗar a gabansa ya sa hannu a aljihun ƙirji. Ƴar kwalba ce ta maganin ido, cike da jan ruwan soɓo, wannan da ƴan yanzu kuke ce wa bisap, sai dai nasa babu sukari. Sai ya tsiyayi ruwan kaɗan a wani ɗan farin murfi da yake yawo da shi, ya ɗiga soɓon, ya karkata kai yana kallo. In launin ya tsaya a ja-ja, ya yi bisimilla ya sha. In ya juya kore, ko liman ne ya ba shi, sai dai liman ya yi haƙuri. Daga nan sunan Mushe Ɗigo ya samo asali, har wasu daga cikinku da ya koyar ba ku san sunansa na yanka ba sai ranar da aka yi masa salla.

In ka ce masa, "Haba Mushe, ruwa ne hwa! Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima," sai ya ce, "Ya san kima, bai san ruwa ba."

Ni Dije ƙanwar matarsa Rabi ce, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma katanga guda ce ta raba gidana da nasu a unguwar Bukoki, nan Yamai. Mijin yaya abokin wasa ne, saboda haka abin da kowa ke faɗa a bayansa ni a gaban idonsa nake faɗa. Na yi masa dariya fiye da kowa, na kuma yi fushi da shi fiye da kowa, domin kwalbar nan da kuke tunawa kuna murmushi saura ƙiris ta kashe auren yayata. Da yawanku kun san kwalbar, ba ku san abin da ya cusa ta a aljihunsa ba.

Farkon soɓon nan babu baƙin ciki a cikinsa ko kaɗan. Lokacin da aka samu ƴancin kai, Baturen da ke koyar da ilimin sinadarai a lakwal ɗinsu, wato makarantar boko, ya ɗaure akwatunansa ya koma garinsu, aka ɗora wa Abdu aikin, shi da bai daɗe da dawowa daga karatu a Dakar ba. Baturen ya bar masa kwalabe da allo, amma bai bar masa wata ƴar takarda da ake ce wa turnasol ba, wadda ake tsomawa a ruwa ta canza launi ta gaya maka irinsa. An ce an aika a kawo. Daga jirgin ruwa sai Kwatano, daga Kwatano sai jirgin ƙasa, daga jirgin ƙasa sai kamiyo, babbar motar kaya, in damina ta yarda. Mushe ya jira har ya gaji, yana koya wa yara launi da baki, su kuma suna gyaɗa masa kai ba su ga komai ba.

Ran nan Yaya Rabi tana wanke tukunyar da ta jiƙa soɓo, ta zuba ruwan toka a ciki don ta fita tas. Sauran jan da ke gindin tukunyar nan take ya koma kore. Mushe yana alwala a gefe. Wallahi da ƙafa ɗaya a wanke ya taso, ya fizge tukunyar yana ihu, "Rabi, tsaya! Kada ki zubas!" Na ji ihun ta katanga, na shigo a guje ina tsammanin maciji ne. Na tarar da malamin makaranta ɗungurugum ya rungume tukunyar wanke-wanke yana dariya shi kaɗai.

A ranar ya zaunar da mu ya yi mana karatun da ba mu roƙa ba. Ya ce duk ruwan duniya gida uku ne. Akwai dangin tsami, su tsamiya da lemun tsami da nono mai tsami, har da ruwan batirin mota, waɗanda Nasara ke ce wa asid. Akwai dangin kanwa, su kanwa da ruwan toka da sabulu, waɗanda ake ce wa baz. Sai ruwan kirki na sha, shi yana tsakiya, ba ya nan ba ya can. Ya ce akwai ma wani tsani da ake auna su da shi, pe-ash, mai hawa goma sha huɗu, ruwan kirki yana zaune a na bakwai, kuma duk abin da ya yi nisa da tsakiya, ta hagu ko ta dama, cin nama yake yi. Soɓo kuwa ɗan tsegumi ne, ba ya rufa wa kowa asiri. Ya haɗu da tsami ya ƙara ja, ya haɗu da kanwa ya koma kore.

"Kuma gidajen ga biyu in sun gamu kashe juna sukai," in ji shi. "Shi ya sa kuke jehwa kanwa cikin miyar yakuwa ta yi kumfa, tsamin ya kwanta."

Na ce, "Yanzu Mushe sai da ka tahi har Dakar ka san kanwa na kashe tsami? Da ka ba ni kuɗin motar na gaya maka nan Bukoki."

Ya ce, "Ke dai Dije, da bakinki ruwa ne da ban san inda zan sa shi bisa tsanin ga ba. Ya wuce hawa na ƙarshe."

Tun daga nan ƴan kalas ɗinsa suka koma zuwa lakwal da ƙullin tsamiya da ɓarin kanwa da toka a gwangwani, har matan Babbar Kasuwa suka fara tambaya ko girki ake koya wa ƴaƴansu yanzu. Da takardar Turawa ta iso daga baya, ya kulle ta a kabad ya ce ta baƙi ce.

Cikin wannan zumuɗi ne ya koya wa Yaya yin sabulu da soda. Da can sabulun toka muka sani, mai cin lokaci. Shi ya je kanti ya sayo soda, fara kamar gishiri, ya nuna mata yadda ake narka ta a ruwa, a bar ta ta huce don zafi take yi da kanta, sannan a haɗa ta da man gyaɗa. Ya ce soda ita ce babbar yayar kanwa, tana can ƙarshen tsani, kada ta taɓa fata. Sabulun ya yi kyau, matan unguwa suka yi ta saye, Yaya tana jin daɗi.

Suna da ɗa guda a lokacin, Lawali, bai daɗe da fara magana sosai ba. Kun san al'adarmu da ɗan fari. Uwa ba ta faɗin sunansa, uba ba ya faɗa, ba sa ɗaukarsa a gaban mutane, in ya faɗi wani ne zai ɗaga shi. Yaya takan ce "yaron can", Mushe yakan ce "mutumin nan". A bayana Lawali ya yi rabin rayuwarsa. Mushe da duk karatunsa na Dakar bai karya wannan ba ko sau ɗaya. Sai dai ya sayo alewa ya miƙo mini ta katanga ya ce, "Ki ba mutumin nan, kada ki ce ni ne."

Wata safiya Yaya ta narka soda a wani kwanon sha, don robar da ta saba ta fashe, ta ajiye shi bayan randa ya huce, ta shiga ɗaki ɗauko mai. Ruwan soda in ya kwanta garau yake, ba launi, ba wari. Lawali ya dawo daga wasa da ƙishirwa.

Ba zan ba ku labarin kukan da ya yi ba, don har yau ina jinsa. An ɗura masa lemun tsami da madara yadda aka sani a zamanin, abin da likitocin yanzu suke hanawa, su ce a ruga asibiti kawai kada a ɗura komai mai tsami kuma kada a sa shi amai. An kai shi asibitin, ya yi kwanaki ba ya iya haɗiye ko yawu, Allah ya karɓi abinsa.

A zaman makoki ni na yi birgima a ƙasa. Yaya tana zaune a ƙuryar ɗaki idonta a bushe, Mushe yana waje yana amsa gaisuwa, "Sai haƙuri, sai haƙuri," kamar ɗan maƙwabci ne ya rasu. Tsofaffi suka yi ta yabonsu, wai ga ƴaƴan mutunci masu kunya, ko ƙwalla ba su zubar wa ɗan fari ba. Ni ma a lokacin na ji daɗin yabon. Yanzu da na tsufa nake cewa a wurin nan ciwon ya shiga ya rufe baki.

Bayan sadakar arba'in aka fara ganin kwalbar a aljihu.

Da farko dariya muke yi, don abin dariya ne. Ga-ruwan da ke kawo musu ruwa, wani Bazabarme mai haƙuri, sai ya tsaya da garwa a kafaɗa har Mushe ya gama ɗige-ɗigensa. Wata rana ya gaji ya ce da ƴar Hausarsa ta kasuwa, "Mushe, kala suru, sai haƙuri, ni ruwa nan na sha, yaro nawa ya sha, jaki ya sha." Mushe ya ce, "Jakin ya gaya maka yadda ya kwana?"

Da na haifi ɗiyata ta biyu ya shigo barka. Tsohuwar da ke yi mini wankan jego, Inna Tabawa, mace ce da ko sarkin fawa ba ya musu da ita. Ta dama kunun kanwa mai zafi, ta zuba masa a ƙoƙo don girmamawa. Ɗaki cike da mata. Na yi masa ido, na yi tari, na ƙara tari, mutumin nan ya ciro kwalba. Ya tsarma kunun da ruwa a murfinsa, ya ɗiga, nan da nan ya koma kore shar.

Na ce, "To Mushe, kunun kanwa ne, mi kake so shi nuna? Zuma?"

Ya ce, "Kanwa ma hawa-hawa ce, Dije. Wanga kunu in anka ƙara mashi dunƙule guda, sai a wanke kayan jego da shi."

Inna Tabawa ta ajiye ludayi a hankali. Ta ce, "Ɗan nan, uwarka ma da wanga kunu ta samu nonon da ka sha har ka yi wayon raina shi." Ya sunkuyar da kai ya ce, "Gaskiya ne Inna." Ya ɗauki hularsa ya fita, amma kunun yana nan inda ya bar shi. Sai da na yi mako ina ba tsohuwar nan haƙuri kafin ta ci gaba da gasa mini jiki.

Da abin ya yi yawa, mijina da wasu dattawa suka ce wannan taɓuwa ce, a nema masa taimako. Aka je wurin limamin unguwa, dattijo mai sanyin hali, ya yi rubutu ya wanke allon da hannunsa, ya kawo har gida. Mushe ya durƙusa ya karɓa. Muna ta murna a bayan zana, sai muka ji ƙarar buɗe kwalba. Mijina ya dafe kai.

Liman ya ce, "Abdu, ayar Allah kake gwadawa?"

Ya ce, "Subhanallahi, Malam, wane ni! Aya ba ta da shakka. Ruwan da anka wanke ta da shi nake tambaya."

Liman ya yi dariya har rawaninsa ya karkace, ya ce a bar shi ya gwada. Launi ya tsaya ja, Mushe ya shanye rubutu tas, ya shafa a fuska, ya yi godiya, ya mayar da kwalbarsa aljihu. Washegari ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Duk wannan dariya da ake yi a waje, a cikin gida mutum ɗaya ba ta yi. Ku duba fa. Matar da kwanonta ya yi sanadin ɗanta, kullum ta miƙa wa mijinta ruwa sai ya gwada shi a gabanta kafin ya sha. Da safe kafin kowa ya taɓa randa sai ya ɗiga. Fura, kunu, ruwan alwala, babu wanda ya tsira. Bai taɓa ɗaga mata murya ba, bai taɓa ce mata ga laifinki ba, hasali ma bai ce komai ba. Ita kuma ba ta da bakin tambaya, don tambayar sai ta bi ta kan yaron da kunya ta hana ta ambata. Ta bar sabulu, ta bar kitso, ta rame har zobenta yana zamewa.

Wata rana muna surfe ta tsaya da taɓarya a hannu ta ce, "Dije, da duka yake yi da ya hi mini sauƙi. Duk ruwan da na miƙa mashi, sai ya ce mini ke kinka kashe shi. Ba da baki ba, da kwalbar can."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na tare shi a ƙofar gida yana jingine kekensa, ban ko gaishe shi ba.

"Mushe, yau ba wasa na zo ba. Tsakaninka da Allah, mi kake nema cikin ruwan Yaya?"

Ya daɗe yana gyara ƙafar wandonsa. Ya ce, "Ruwa nake nema."

"In ba ka yafe mata ba ka sake ta, ta huta!"

Ya ɗago ya dube ni kamar na yi masa Zabarmanci mai zurfi. Bakinsa ya motsa, ya sake motsawa, sai ya ce, "Ki gaida mai gidanki," ya shige. A ranar na tsane shi, ba na ɓoye muku ba.

Ƙarshen haƙurinta ya zo a cikin azumi, azumin bazara, irin wanda ko ƙadangare ba ya fitowa da rana. Ta sanyaya ruwa tun hantsi a sabon tulu, ta turara shi, aka kira salla, ta durƙusa ta miƙa masa. Mutumin da leɓensa ya tsage don ƙishirwa ya ajiye moɗa ya sa hannu a aljihu.  Yaya ta miƙe, ta ɗauki mayafinta, ko dabino ba ta kai baki ba, ta taka da ƙafa har unguwar Zongo gidan Kawu Ɗan Tani, ƙanin mahaifiyarmu, wanda ya riƙe mu tun rasuwar iyayenmu.

Kawu fatake ne na goro da kanwa, ya daɗe a Yamai amma Maraɗi ba ta fita daga bakinsa ba, kuma tun asali ba ya son surukin da ke sa wando mai ƙarfe irin na Nasara. Ya rantse in Abdu bai bar wannan wulaƙanci ba sai ya ba da takardar saki. Aka yi salla ƙarama Yaya tana Zongo. Mushe ya aika dattawa biko, Kawu ya mayar da su. Ya ce mai laifin ya zo da ƙafarsa.

Ya zo wata Lahadi da hantsi, shi da liman, sanye da babbar riga wadda ban taɓa ganinsa da ita ba sai ranar aurensa. Aka shimfiɗa musu tabarma a ƙarƙashin bedi, wato dogonyaron tsakar gida. Ni da Yaya da matar Kawu muna ɗaki, labule ne kawai tsakaninmu da su. Kawu ya sa aka kawo ruwa a ƙwarya, aka ajiye gaban Mushe.

"Abdu," in ji Kawu, "gidan ga tun da na gina shi ba baƙon da ya taɓa shigowa ya tuhumi ruwana. Ka sha yadda kowane ɗan Musulmi ke sha, sannan mu yi magana. In ka hiddo abin nan na aljihunka, ka tashi ka ba ni wuri, takarda ta biyo baya."

Liman ya sha nasa. Mushe ya ɗauki ƙwaryar da hannu biyu, ya kawo ta har gaban baki, ya tsaya. Ina leƙe ta gefen labule. Ya sauke. Ya sake ɗagawa, ya sake saukewa. Inuwar bedi ta matsa ta bar shi a rana, gumi ya jiƙa babbar rigar, bai sha ba, bai kuma taɓa aljihu ba. Liman ya yi nasiha, ya kawo aya, ya kawo hadisi, har ya gaji ya koma jan carbi. Matar Kawu ta raɗa mini, "Wanga mutum zai kashe aurenshi a kan ruwan da akuya ke sha." Yaya tana zaune ta juya wa ƙofa baya.

Da aka kusa azahar Kawu ya kaɗe rigarsa zai tashi. Ya ce, "To, mun ji amsarka."

Sai Mushe ya yi magana, da wata murya da ban san shi da ita ba.

"Kawu, na ga kwanon."

Kawu ya tsaya.

"Da sahen nan na hito zan tahi lakwal, na ga kwanon bayan randa. Na dube shi da idona, na ce ruwa ne. Ni da na sayo sodar, ni da na koya mata, ni da ke tsayawa gaban ɗiyan mutane ina ce masu kada su yarda da ido. Na wuce na hau kekena." Ya dubi ƙwaryar da ke gabansa. "Ba ruwan Rabi nake gwadawa ba. Idona ne ban ƙara yarda da shi ba, tun ranar da Lawali ya sha."

Ya faɗi sunan. A gaban surukinsa, a gaban liman, da rana tsaka. Ya kuma sake faɗa, "Lawali, ɗana Lawali," sai ya kifa fuska a hannun riga ya fashe da kuka irin na yara, kafaɗunsa suna girgiza.

Matar Kawu ta ce, "La'ilaha illallahu, ya hwaɗi sunan ɗan hwari!" ta toshe baki. Ni kuwa duk maganganun da na jefa masa a ƙofar gida suka dawo mini. Ban ankara ba sai na ga Yaya ta miƙe ta yaye labule ta fita, kanta ko ɗankwali babu. Ta durƙusa a bakin tabarmar, ta ce, "Ashe kana tune da sunanshi."

Ya ce, "Kullum."

Ta ce, "Lawali." A hankali ta faɗa, kamar mai ɗanɗana abu, don tun da ta haife shi sunan bai taɓa bi ta bakinta ba. Daga nan kukan da ta riƙe tun ranar makoki ya ɓalle. Kawu, mutumin da ya rantse, ya juya baya yana ta gyaran rawanin da babu abin da ya same shi. Ba wanda ya ce musu kunya, ba wanda ya ce su yi shiru.

Da kukan ya lafa, muryar Yaya ta dishe. Ta miƙa hannu ta ɗauki ƙwaryar nan da ta yini a rana za ta jiƙa maƙoshi. Kafin ta kai baki Mushe ya zabura ya riƙe gefen ƙwaryar.

"Rabi, tsaya tukuna!"

Ta dube shi, ta dubi hannunsa a kan ƙwaryar, ta gane ba kansa yake ji wa tsoro ba. Kawu ya juyo, ido jajir, ya daka tsawa, "Kai, ku bar shi shi ɗiga, don girman Allah, mu samu mu yi salla!"

Liman ne ya fara dariya, muka kama, hawaye da majina da dariya duk a haɗe. Mushe ya ɗiga, ruwan Kawu ya ci jarrabawa, Yaya ta sha, ta miƙa masa ya sha. Da la'asar ta bi mijinta gida, yana tura keke tana tafe a bayansa.

Kada ku ce ya warke, bai warke ba. Har ya tsufa ya bar aiki bai daina ba, kun shaida. Abin da ya canza shi ne Yaya ta daina jin zagi a ciki. Allah ya ba su wasu ƴaƴan, mata uku da namiji, kuma a gidan nan aka koma ambaton Lawali kamar ya je aike ne. "Lawali da yanzu ya isa shiga lakwal." "Wanga ɗiya goshin Lawali ta ɗauko." Tsofaffin unguwa suka yi ta gulma wai boko ya cire musu kunya. Ni da na goya yaron na ce a bar su, na ga abin da kunyar ta kusa yi.

Ciwon ajalinsa bai daɗe ba. Da safe ne, bayan ya karya, ya ce jikinsa ba daɗi, ya kwanta a kan tabarma, kafin a nemo mota rai ya yi halinsa. Na shigo ina kururuwa yadda na saba, na tarar da Yaya a zaune kusa da kansa tana gyara masa mayafi. Wannan karon ba ta ɓoye hawayenta ba, suna zuba tana barinsu. Ta kama hannuna ta zaunar da ni, ta ce, "Yi a hankali, Dije. Bai taɓa ɗaukar yaron nan gaban mutane ba. Yau sai shi ɗauke shi."

Allah ya jiƙan Abdu, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa. Allah ya sa Lawali ya tarbe shi a ƙofa ya kama hannunsa. Yayata kuma, da take can unguwar Banifandu wurin ɗiyarta ido ya yi rauni, Allah ya ƙara mata haƙuri har ranar da za ta same su. Mu da muka yi masa dariya, Allah ya yafe mana, ya kyautata namu ƙarshen. Amin.